Kwana Ashirin da Ɗaya na Fursuna

Laraba, shida da kwata na yamma. Kwana na ɗaya.

Littafin awo ne wannan, ba na labari ba. Ta gaba akwai tsawon ƙofar wani da faɗin gadon wata, ni kuma na juyo shi ta baya. Likitar dabbobi ce ta ce in riƙa rubuta abin da karena ya yi kullum: ya ci ko bai ci ba, yana zubar da miyau, yana gudun ruwa. To ga shi. Ya ci. Ya sha. Bai fito ba.

Kwana ashirin da ɗaya ta ba mu. Goman farko na duba ko yana da ciwon haukan kare ne. Sauran alfarma ce ta yi, don ta ce watansa shida kacal, ba ta son yanke hukunci da gaggawa. Ranar ƙarshe za ta dawo da jakarta. In ta gamsu zai iya zama kusa da mutane, ya rayu. In ba ta gamsu ba, allura ɗaya ce, ba zai farka ba. A tsaye ta faɗa a ƙofar shagona, ko murya ba ta sassauta ba.

'Yata Gimbiya tana gidan kawunta tare da mamanta. Ɗinki bakwai, a hannun dama. Shekararta shida, bana ta fara rubuta sunanta ba tare da ta juya harafi ba.

Likita ta tambaye ni yadda aka yi jiya. Na ce sakatar akwatinsa ce ta zame, ya fito ya auka wa Gimbiya tana zaune a kan benci. Ta rubuta.

Alhamis, bakwai na safe.

Ashe firjinmu ƙara yake yi. Shekara huɗu yana gidan nan, sai da kowa ya tafi na ji.

Alhamis, biyar na yamma. Kwana na biyu.

Bari in jera yadda ya zo hannuna, ko na ga inda na kauce.

Sau biyu aka fasa shagon nan cikin wata guda. Zuwan farko suka ɗauki injin yanka katako, zuwa na biyu suka dawo suka kwashi haƙoransa, don kar in ce ba su da tsari. Ina cikin wannan takaicin Baba Maigadi, tsohon da ke gadin sito a bakin layinmu, ya kira ni. Karyarsa ta haihu. Ya ɗauko guda ɗaya, satinsa huɗu, ko yaye bai kai ba, ya ɗora min a tafin hannu.

Ya ce, “Kafinta, in kare mai zafi kake so, akwati za ka yi masa. Kar ya ga kowa, kar ya ji muryar kowa sai taka. Kar ka sa masa suna, suna lalata kare yake yi. In ya yi kuka ka bugi akwatin. Wata biyar, ka buɗe, ka ga aiki.”

Akwati aka ce min. Ni kuwa shekara ashirin da biyu ina haɗa katako, ba a ce min akwati in kawo kwando. Na zaɓi katako mai kauri, na yi haɗi mai tsaga, na bi da gam, ko allura ba ta da hanyar shiga. Ramukan iska na lanƙwasa su ta ciki, iska ta wuce, haske ya tsaya a waje. A ƙasa na yi durowa mai dusar katako, in ja, in zubar, in mayar, ba sai na buɗe ƙofa ba. Abinci ta wata 'yar taga. Har tsohuwar katifa na yanka na manna a bangon ciki, don kar ƙarar injin mai walda, maƙwabcina, ta dame shi. Wallahi wannan don tausayi na yi. Mai walda da ya gani cewa ya yi ko kabat ɗin matarsa bai sami wannan gata ba, ni kuma na ji daɗi.

Ban taɓa barinsa da yunwa ba. Wannan ma a rubuta.

Maman Gimbiya ta san akwai kwikwiyo a shago. Ba ta son karnuka, ba ta taɓa zuwa gani ba, ni kuma ban yi dogon bayani ba.

Asabar, biyu na rana. Kwana na huɗu.

Na je gidan da suke. Kawun Gimbiya, yayan matata, direban babbar mota ne, in ya tsaya a ƙofa sai dai ka nemi taga. Shi ya buɗe.

Na ce, “Yaya, ina wuni?”

Ya ce, “Lafiya.” Ya matsa kaɗan, daidai yadda zan wuce a karkace.

Maman Gimbiya tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba ta ce, “Yana nan?”

“Wa?”

“Baban Gimbiya, ka san wa.”

“Likita ta ce sai an yi kwana...”

“Ban tambaye ka Likita ba.”

Ta ce karen da zai fito haka kawai ya kama yarinya tana zaune ba ta tsokane shi ba, mugun jini ne da shi. Ta ce muddin yana numfashi a shagon da 'yarta ke bi in an tashi makaranta, ita da gidana sai dai hange. Ba ihu ta yi ba. Da ihu ta yi da na san abin cewa.

Gimbiya tana ƙasa tana zane da hannun hagu, na daman yana kan cinyarta cikin bandeji. A da in ta ji muryata sai na dafa bango, don da gudu take zuwa. Yau ta ce, “Sannu Baba.” Ta dube ni, ta dubi mamanta, ta koma kan takardarta.

Na ajiye lemun da na kawo na fito.

Lahadi, sha ɗaya na safe.

Ya ci. Ya sha. Bai fito ba.

Litinin, huɗu da rabi na yamma. Kwana na shida.

Tun ranar Laraba na cire ƙofar akwatin gaba ɗaya, yadda Likita ta ce, na jingine ta a bango. Akwatin yana ɗakin baya, na kafa raga a ƙofar ɗakin. Wato yanzu karen yana da ɗaki guda nasa. Kwana shida bai taka shi ba. Yana can ƙurya ya cusa kai a lungu, ya ba duniya baya. In na buɗe taga idonsa ruwa yake yi.

Ga aikin da Likita ta ba ni: in zauna a ƙasa, gefena ya fuskance shi, kar in kalle shi ido cikin ido, kar in miƙa hannu. In jefa ɗan nama, in yi ta magana. Na tambaye ta me zan ce wa kare. Ta ce, “Ko awon ƙofofi ne karanta masa.” To shi nake yi. Ƙato da ni, zaune a siminti, ina karanta wa kwikwiyo cewa ƙofar bayan gidan wani ƙafa shida da inci takwas ce.

A haka mai walda ya same ni. Ya leƙo ta raga ya ce, “Yaya Fursuna? An yi masa afuwa ya ƙi fita?” Dariya ta so ta kama ni, ta fasa. Sunan dai ya zauna, ni ma da shi nake kiransa yanzu.

Da zai fita sai ya tsaya wurin ƙofar da na jingine. Ya tura sakatar, ya ja, ya sake turawa. Sai da ya sa hannu biyu.

“Wannan ce ta zame?”

Na ce, “Ita ce.”

Ya ce, “Ikon Allah.” Ya goge hannunsa a wando ya koma shagonsa. Mutumin da ke iya awa guda yana bayanin yadda aka yi tayarsa ta sace, yau kalma biyu ta ishe shi.

Laraba, ɗaya na rana. Kwana na takwas.

Na je wurin wankin mota. Na tuna Baba Maigadi ya ce mai wankin ya ɗauki 'yar uwar Fursuna, cikinsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su. Allah ya yafe min, da niyyar in same ta mahaukaciya na je. Da na dawo na ce wa kowa jini ne.

Sunanta Kumfa. Na tarar da ita kwance a tsakiyar fili, tiyo ya bi ta kan ƙafarta, babur ya wuce dab da wutsiyarta, ko kai ba ta ɗaga ba. Wata mata tana jiran a gama wanke motarta, ɗanta mai rarrafe ya je ya kama kunnen Kumfa ya ja. Har na yunƙura. Ita kuwa tashi ta yi ta koma ƙarƙashin benci ta ci gaba da barcinta.

Na ce wa mai wankin, “Wa ya koya mata?”

Ya ce, “Koya mata me? Sai da ta kusa wata uku wurin uwarta na ɗauko ta. Tun ranar tana nan cikinmu, ana taka ta, ana ba ta haƙuri.”

“To gadi fa?”

“Zo bayan mun rufe ka taɓa injin ruwan can, ka sha labari.”

Ta zo ta shinshina takalmina, ta daɗe a kai. Ina jin warin ɗan uwanta ta ji. Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, uku na yamma. Kwana na goma.

Babu hauka. Likita ta duba shi daga nesa, ta karanta littafin nan (shafukan da na nuna mata), ta ce wannan fargabar ta wuce. Na kira Maman Gimbiya na faɗa mata. Ta ce alhamdulillahi har sau uku, sannan ta kashe.

Ranar farko a ƙofar ɗaki Likita ta tsaya. Yau ta shiga, ta durƙusa ta dubi akwatin da kyau. Ta shafa katifar, ta sa yatsa a ramin iska ta ga bai wuce ba. Ta tambaye ni wata nawa. Na faɗa.

Ta ce daga sati uku zuwa wajen wata uku, duk abin da kwikwiyo ya gani ya saba da shi ke nan har tsufa: mutane, yara, ƙara, tsintsiya, ruwan sama. Abin da bai gani ba a wannan tsakanin, in ya girma abokin gaba ne a wurinsa. Ta ce wurin wasa da 'yan uwansa yake koyon iyakar cizo, in ya matsa su yi ƙara su guje shi, uwar ta tsawatar. Ni na raba shi da su kafin ya koya. Da na ba ta labarin bugun akwati kuwa sai ta rufe ido.

“Wato duk sanda ya yi magana ka ce masa ya yi shiru. Shi ya sa ba ya gurnani. Kare mai gurnani gargaɗi yake yi maka, wannan ka cire masa gargaɗin. Ba zafi ka koya masa ba, Kafinta, tsoro ka koya masa.”

Na ce ai haka aka ce in yi.

Tana rufe jaka ta ce, “Abu ɗaya ne ya ƙi shiga kaina. Kare irin wannan in ya ciji mutum, yawanci a lungu aka tsare shi, ba hanyar gudu. Wannan yana gyaruwa, ko ba duka ba. Amma wanda zai bar wurinsa ya bi yarinya tana zaune, ko gaisuwa ya koya cikin kwana goma sha ɗayan nan, ba zan sa hannu in bar shi ba.” Ta dubi Fursuna, wanda har yau bai taka tsakar ɗaki ba. Ta dube ni. “Ka ce fitowa ya yi?”

Na ce fitowa ya yi.

Asabar, shida na yamma.

Sakata ce ta zame. Sakata tana zamewa. Na sha gyara wa mutane.

Lahadi, goma na safe. Kwana na goma sha biyu.

Na je wurin Baba Maigadi da faɗa a bakina, tun daga gida nake jera shi. Na ce ya nuna min akwatin da yake sa nasa karnukan.

Ya kai ni bayan sito. Wai akwati. Tsofaffin katakan ɗaurin kaya ne aka haɗa da waya, tsakanin kowane biyu hannuna zai shige har gwiwa. Murfin kwano ne da dutse a kai. Akwai kwikwiyo ɗaya a ciki, ya zuro kai ta wani rami yana cizon kunnen uwarsa, ita kuma tana kwance jikin katakon. Kaji suna kiwo a gefe. Mai shara ta wuce da tsintsiya ta ce masa “kai ɗan banza,” ya kaɗa mata wutsiya.

Na ce, “Baba, wannan ne kar ya ga kowa?”

Ya ce, “To ai yana ciki.”

“Wata biyar ɗin fa?”

“Wata biyar faɗa ake yi, ɗana. In rana ta yi zafi ai buɗe shi nake yi. Wa zai iya?” Sai ya tsaya ya ƙare min kallo. “Kai wata biyar ka yi cif? Ba haske?”

Na ce ko ɗigo.

Ya kama haɓa. “Kai, Kafinta. Kai ma dai.”

Shekara talatin yana ba mutane wannan shawarar, kuma duk karnukan da ya ba su lafiyarsu ƙalau, don babu wanda ya iya haɗa akwati a cikinsu. Sai da ta faɗo hannun gwani. Faɗan da na zo da shi na koma da abina, ban sami inda zan sauke shi ba.

Talata, sha biyu na rana. Kwana na goma sha huɗu.

Ya fito.

Ina karanta masa awon wasu tagogi guda shida, sai na ji ƙarar farce a siminti. Ban juya ba, da gefen ido na gani. Ƙafafunsa suna buɗewa, bai san yadda ake taka ƙasa mai santsi ba. Taku uku, ya ɗauki naman, ya koma da baya da baya. Can ya sake fitowa. A karo na huɗu hancinsa ya taɓa yatsan ƙafata, sanyi ƙalau.

Na ci gaba da karanta tagogin. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, rabon da in ji irinta tun kafin ranar cizon. Sai kuma na tuna maganar Likita. Ko ya koyi gaisuwa, ba za ta sa hannu ba.

Laraba, biyar na yamma.

Ya bi ni har bakin raga. Mai walda ya yi tari a waje, ya koma akwati ya yi fitsari. Na ɓata wa wata mata ƙafar tebur, na yanke inci biyu fiye da awo. Ban taɓa yi ba.

Alhamis, huɗu na yamma. Kwana na goma sha shida.

Yau aka sake wanke ciwon, na raka su asibiti. Yana warkewa. Ɗan yatsa ɗaya ne bai lanƙwasuwa sosai, sun ce da motsa shi zai dawo. Sun ce wataƙila.

Maman Gimbiya ta tafi karɓo magani, ta bar mu a kan benci. Gimbiya ta leƙa ta tabbatar ta sha kwana, sannan ta matso ta sa baki a kunnena.

“Baba, ban faɗa ba. Ko Kawu da ya tambaye ni sau biyu.”

Na ce, “Yauwa, Gimbiyata.” Abin da bakina ya faɗa ke nan. Yauwa.

Ta ce, “Mama ta ce za a yi wa kwikwiyon allura. Mai zafi ce irin tawa?”

Na ce ba zafi.

“To in an yi masa zai warke?”

Sai ga mamanta ta dawo. Gimbiya ta matsa can ƙarshen benci kamar ba ta san ni ba. Wa ya koya mata wannan? Na san wa.

Ranar cizon, a cikin mota, da rigata naɗe a hannunta, na faɗa mata wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Asabar, uku na yamma. Kwana na goma sha takwas.

Maman Gimbiya ta aiko Yaya ya faɗa min ranar Talata za su zo, tana so ta gani da idonta an gama. Yaya ya ce shi ma zai so ya ga sakatar nan da ake ta magana.

Yana tafiya na ɗauko sukundireba. Na sassauta sukurun sakatar guda huɗu, na ɗan goge bakin ƙarfen, na ɗiga mai. Yanzu in ka hura mata iska ma zamewa za ta yi. Aikin minti goma.

Ina ɗagowa na ga Fursuna zaune a tsakiyar ɗaki yana kallona. Yau ne farkon da ya zauna a fili da kansa, ba nama, ba kira. Na juya masa baya na ƙarasa.

Lahadi.

Ban je shago ba sai da rana ta take. Na tarar ya zubar da ruwansa, yana jira.

Litinin, tara na safe. Kwana na ashirin.

Na mayar da sukurun na ɗaure su tam. Kar wani ya ce kirki ne. Idona ne ba ya iya ganin aiki a karkace.

Ya ci a tafin hannuna. A hankali yake ɗauka, da leɓe, kamar mai tsoron kar ya fasa wani abu. Gobe ƙarfe uku.

Talata, shida da rabi na yamma. Kwana na ashirin da ɗaya.

Zan rubuta duka.

Sun riga Likita zuwa. Yaya yana saɓe da Gimbiya a kafaɗa, suka tsaya ta wajen raga. Maman Gimbiya tana gefensa, ta harɗe hannu. Mai walda ya kashe injinsa, abin da ko rasuwa aka yi a layi ba ya yi.

Likita ta shiga ita kaɗai. Ta zauna a ƙasa, ta ba shi gefe, ta jefa nama. Minti biyar ba motsi, ni kuma gumi har cikin takalmi. Sai ga shi. Jikinsa yana ɓari, wutsiya a matse, amma ya zo. Ya ci na farko, ya ci na biyu dab da gwiwarta. Ta kai bayan hannunta ta taɓa kafaɗarsa. Ya sandare, ya lashi baki, ya ja da baya. Bai kai cizo ba.

Ta fito ta ce, “Ya yi ƙoƙari. Kai ma ka yi.” Sannan ta ɗora jakarta a kan teburin aikina ta zuge. “Amma abin da ke cikin takardata bai canza ba.”

Ta ciro kwalba, ta ciro sirinji. Sai ta dakata, ta juya wajen raga, ta tausasa murya.

“'Yata, kin tuna yadda aka yi ranar?”

Gimbiya ta gyara zama a kafaɗar kawunta. Ta ce, “Sakata ce ta zame. Ya fito. Ina zaune a kan benci.” Da muryar karatun aji ta faɗa, kalma bayan kalma, ba tuntuɓe. Tana gamawa ta juyo ta dube ni, irin kallon da take min in ta kawo sakamako mai kyau tana jiran in ce madalla.

Ban san sanda na fara magana ba. Na ce ƙarya ce, kuma tawa ce.

Na ce ranar ne wata biyar ya cika. Na ɗauko ta daga makaranta, ina so ita ta fara ganin aikina. Ni na zare sakatar da hannuna. Yana can ƙurya ya matse. Ta ce, “Baba ina jin tsoro.” Na yi dariya na ce karen Baba ne, ba ya taɓa na gida. Na kama wuyan hannunta, tana ja ina ja, na cusa shi cikin duhun. A mota kuma na ce mata kar ta faɗa wa Mama, in ta faɗa Mama za ta rabu da Baba. Na koya mata abin da za ta ce, ta maimaita sau uku tana kuka kafin mu kai asibiti.

Yaya ya sauke Gimbiya a hankali, na ɗauka mari ne zai biyo baya, har na so ya biyo. Waje ya fita da ita.

Maman Gimbiya ta buɗe ragar ta shiga, ita da ba ta son karnuka. Fursuna ya lafe a bayan akwati. Ta durƙusa, ta leƙa ciki, ta ja durowar ta mayar, ta shafa katifar. Ta daɗe a haka. Da ta miƙe ta ce, “Ka iya aiki.”

Na ce, “Ki yi haƙuri.”

“Cizon zan iya yafewa, tsautsayi ne da wauta. Amma sati uku ka bar yarinya 'yar shekara shida tana ɗauke da nauyinka.” Ta gyara mayafinta ta fita.

Likita ta mayar da kwalbar jaka. Ta soke layi biyu a takardarta ta rubuta wasu. Ta ce zai rayu. A shago zai zauna, ba yaro ko ɗaya kusa da shi, yau ko shekara mai zuwa. Duk wata za ta leƙo. Ta ce in roƙi mai wankin mota ya riƙa kawo Kumfa suna ganin juna ta raga, wataƙila ya koyi abin da ni ba zan iya koya masa ba. Ta ce kar in sa rai zai zama kamar 'yar uwarsa, wannan lokacin ya wuce. Ba ta yi min sallama ba.

Laraba, takwas na safe.

Sai kira na huɗu Maman Gimbiya ta ɗauka. Ta ce Gimbiya ta yi barci har gari ya waye. Ta ce tun ranar cizon yarinyar ba ta taɓa kai safe ba tare da ta farka tana kuka ba, sai jiya. Ban san ba ta barci ba. Ba wanda ya faɗa min, ni ma sati ukun nan ban tambaya ba.

Na ce yaushe za su dawo.

Ta ce in je in ba karena abinci.